Yadda Ake Haɗa Hotunan Kyamarar Daji Su Zama Bidiyo Mai Gudun Lokaci

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗaura kyamarar daji a jikin wata bishiya a gonata saboda biran da ke yi mini ɓarnar masara. Yanzu katin ajiyarta ya cika da hotuna fiye da 3,000. Ina ganin bidiyon da shuka ke tsirowa ta girma cikin minti ɗaya. Zan iya yin irinsa da hotunan nan? Daga wani manomi a Toro, Jihar Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, amma ka fara duba yadda aka saita kyamarar lokacin da take ɗaukar hotunan, domin kyan bidiyon ya dogara a kan wannan fiye da kowace manhaja da zan ambata maka.

Kyamarar daji tana da hanyoyin aiki biyu. A ta farko, akwai wata 'yar na'ura a gabanta mai jin ɗumin jikin abin da ke motsi, sai biri ko akuya ya gifta sannan ta ɗauka. Tana iya ɗaukar hotuna 40 cikin minti biyar, sannan ta yi shiru har kwana biyu. Idan ka haɗa irin waɗannan, za ka ga ta inda biran ke shigowa da lokacin da suka fi zuwa, kuma wannan ma amfani ne babba ga manomi. Sai dai masarar za ta riƙa tsalle ne, ba za ta girma a hankali ba. Hanya ta biyu ita ce wadda aka rubuta wa Time Lapse a jerin saituttuka. A nan kyamarar ba ta jiran motsi, agogo take bi, duk bayan tazarar da ka zaɓa ta ɗauki hoto ɗaya. Ita ce ke fitar da abin da kake gani a intanet.

Kafin ka zaɓi tazara, yi lissafi. Bidiyo na cin hotuna 24 zuwa 30 a kowace daƙiƙa. Mu ce ka zaɓi 25. Idan kyamara na ɗaukar hoto duk rabin awa daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma, kana samun kusan 20 a rana. Kwana 100 na masara zai ba ka hotuna 2,000, wato bidiyon daƙiƙa 80. A ganina wannan ya wadatar. Mai son ganin tafiyar hadari ko tasowar ruwan rafi a yini ɗaya kuwa, sai ya rage tazarar zuwa daƙiƙa 10 ko 30.

Yanzu sai aikin kwamfuta. Kwafi komai daga katin, kada ka yi aiki a kansa kai tsaye. Za ka tarar da hotunan a cikin jakar DCIM, galibi sun kasu cikin ƙananan jakunkuna, kuma sau da yawa kowace jaka tana sake fara lamba daga 0001. Wanda ya zuba su wuri guda da gaggawa, hotuna masu suna iri ɗaya za su danne juna ko su cakuɗe. Don haka ka fara sauya sunayen kowace jaka daban, sannan ka haɗa su. Bayan haka ka jera su bisa ranar da aka ɗauka, ka cire na dare. Hotunan dare baƙi da fari ne saboda fitilar da ido ba ya gani da kyamarar ke haskawa da ita, kuma idan suka shiga tsakanin na rana, bidiyon zai riƙa walƙiya har ido ya gaji. Ka cire wanda fuskarka ta cika shi lokacin da kake canza batir.

Idan ka gama tacewa, zaɓi dukkan hotunan, ka danna na farko da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi sauya suna, ka rubuta "masara". Windows zai ba su lamba a jere: masara (1), masara (2), har ƙarshe. Wannan jerin yana da muhimmanci, domin manhajojin suna tsayawa idan suka tarar da giɓi a lambobin.

Manhajar da nake ba masu farawa shawara ita ce Shotcut. Kyauta ce, kuma ba ta manna tambarinta a bidiyo. Buɗe hoton farko kaɗai, ka shiga Properties, ka sa alama a Image sequence. Nan take za ta ɗauki sauran a matsayin bidiyo guda, sai ka ja shi zuwa layin aiki ka fitar da shi a MP4. Wanda ya saba da rubuta wa kwamfuta umarni kuma, manhajar FFmpeg ta fi sauri nesa ba kusa ba:

ffmpeg -framerate 25 -i "masara (%d).jpg" -vf scale=1920:-2 -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p masara.mp4

Kada ka bar wannan yuv420p ɗin, don idan babu shi wasu wayoyin ba za su buɗe bidiyon ba.

Tambaya: Ni ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni. Akwai hanya? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Akwai, Malama. Ki nemi makarancin kati mai shiga bakin cajin waya, ki kwafo hotunan. Manhajoji irin su CapCut suna karɓar hotuna da yawa, ki rage tsawon lokacin ɗaya zuwa mafi ƙanƙanta, ki zaɓi a yi wa sauran haka. Matsalar ita ce waya tana nauyi idan hotunan suka kai dubbai, har manhajar ta rufe kanta. Ki tsame 200 ko 300 kawai, misali hoton tsakar rana na kowace rana da wasu kaɗan kusa da shi. Hotuna 300, goma a daƙiƙa, sun ba ki daƙiƙa 30. Idan kin ga tafiyar ba ta yi sumul ba, ki fitar da bidiyon, ki sake shigar da shi, ki ninka saurinsa biyu. Abu ɗaya: kada ki yarda waya ta goge miki katin ko da ta nemi hakan. A cikin kyamarar ake goge shi, don ta tsara shi yadda take iya karantawa.

Tambaya: Na haɗa nawa, amma hoton sai rawa yake yi, hasken kuma yana hawa da sauka. Laifin manhaja ne? Daga wani mai lambu a Zariya.

Amsa: Da wuya ya zama laifin manhaja, ɗan'uwa. Rawar daga wurin ɗauri take. Bishiya ƙarama tana kaɗawa da iska, igiyar da ta zo da kyamarar tana sassautawa idan ruwa ya jiƙa ta, sannan duk ranar da ka buɗe murfin don cire kati kana ɗan gusar da ita. Gocewar da ba ta kai faɗin yatsa ba a jikin itace tana zama girgiza a bidiyo. Ka kafa turken ƙarfe ko kakkauran gungume, ka ɗaure kyamarar da ƙusa mai murɗi, ka yi alama da fenti a inda gefenta yake zama don ka mayar da ita daidai.

Hasken kuma, kyamarar ce ke auna shi da kanta a kowane hoto, shi ya sa wanda aka ɗauka gajimare ya rufe rana ya bambanta da na gaba. Kada ka fuskantar da ita gabas ko yamma, don rana za ta shiga madubin kyamarar da safe ko yamma. Kudu ko arewa sun fi. Idan bidiyon na watanni ne, ka yi amfani da hotunan tsakanin goma na safe da biyu na rana kaɗai, inuwa ba ta yawo sosai a lokacin. FFmpeg yana da matacin da ake kira deflicker, yana daidaita hasken hotunan da ke kusa da juna; ka rubuta shi bayan scale=1920:-2 da waƙafi a tsakaninsu. Da hunturu kuma ka riƙa share madubin da ƙyalle mai laushi, ƙura da yanar gizo-gizo suna dusashe hoto a hankali ba ka lura ba sai ka zo haɗawa.

Ka kuma riƙa duba agogon kyamarar duk lokacin da ka canza batir. Wasu suna komawa ranar da masana'anta ta saita, sai hotunan watan Agusta su koma gaban na Yuni idan ka jera su bisa rana.

Tambaya: Batir da kati za su kai wata uku kuwa? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Katin zai kai idan ka rage girman hoton. Da megafiksel ake auna girman hoto: bidiyon 1080p kusan megafiksel 2 ne, na 4K kusan 8, don haka saita kyamara a megafiksel 24 ko 30 cika kati ne kawai. Tsofaffin kyamarori da yawa ba sa karɓar katin da ya wuce 32GB, ka duba littafin taka kafin ka saya. Batir kuwa, na lithiyam ya fi daɗewa, kuma kashe ɗaukar dare yana rage cinsa sosai, tunda fitilar dare ce ta fi zuƙe shi. Duk da haka ka riƙa leƙawa bayan mako biyu ko uku. Idan kyamarar tana kallon hanyar da mutane ke bi zuwa rafi ko gona, ka cire hotunansu kafin ka ɗora bidiyon a Facebook ko WhatsApp, domin ba su san ana ɗaukarsu ba.