Ƙwallo ba ta daɗewa a sandana tun da na hau babban rukuni

Ƙanena, ka ce tun da aka ɗaga ka zuwa babbar ƙungiyar hoki, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, kafin ka juya an ƙwace ƙwallo, har ka fara zargin ko ba ka isa ba. Ka isa. Ka riƙa ɗaga kai kana duban abokan wasanka tun kafin ƙwallo ta iso, ka tare ta da taɓawa ɗaya, ka miƙa. Yawan yanka ka ajiye shi tukuna.

Ni ma na sha wannan a shekarata ta farko. A ƙaramin rukuni sai in tsayar da ƙwallo in yi tunani. A sama kuwa, kan filin roba da aka jiƙa da ruwa, ƙwallo na zuwa kamar an harbo ta, ɗan baya kuma yana kaina kafin in ɗago ido. Sharaɗi ɗaya dai: in numfashinka ba ya kai ka ƙarshen zangon minti 15, ɗaya daga cikin zango huɗu na wasan, tunaninka ma zai gaji. A hoki ana fita a dawo, don haka in koci ya cire ka, sha ruwa, ka huta, ka koma da ƙarfinka.