Amsa ga mai son kai Inna biki Marwa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, cewa kina son ɗaukar Inna daga Yawunde zuwa Marwa bikin jikarta, ga shekara 71, ga hawan jini ga suga, kina tsoron kada wani abu ya taso a hanya. Na ga masu cewa ki bar ta a gida, na ga masu cewa ki yi tawakkali ki tafi kawai. Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne a unguwar Briketeri, amma na taɓa shiga wannan rigar da mahaifina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki da ɗan tsawo. Ki yi haƙuri da surutun.

Mu Garwa muka nufa, auren ƙanwata, cikin watan Maris. Wanda ya san Garwa a Maris ya san abin da nake nufi, zafin yakan haura digiri 40, ko iskar bakin Binuwai ba ta sanyaya jiki. Muka hau jirgin ƙasa da yamma, na kama wa Baba ɗaki mai gado, muka wayi gari a Ngaundare. Wannan ɓangaren lafiya lau, ya yi barcinsa, ga bayi kusa. Daga Ngaundare muka shiga mota. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, amma da gangaren dutsen nan na bayan gari da ramuka da shingayen bincike, sai da muka sha yini. Na lura duk tsayawar da aka yi Baba ba ya sauka, na miƙa masa ruwa ya ce ya ƙoshi. Na ɗauka gajiya ce.

Ashe lissafi ya yi. Cikin magungunansa na hawan jini akwai wanda ke sa yawan fitsari, shi kuwa dattijo ne mai kunya, ba zai iya ce wa direba ya tsaya a gaban mata da yara ba. Sai ya daina shan maganin gaba ɗaya tun ana jibi za mu tashi, ya kuma rage shan ruwa. Bai gaya wa kowa ba. Sai daga baya, da nake laluben katin shaidarsa a aljihun babbar rigarsa, na ci karo da ƙwayoyin a jere, na kwana biyar ba a taɓa ba. Na tsaya riƙe da su a barandar asibiti kamar wanda aka mara.

Kwana biyu da isarmu, da asuba, ya fita alwala. Ina daga ɗaki na ji faɗuwar buta. Na fito na same shi tsugune, hannun dama ya saki, takalmin ƙafar dama ya zame bai ma sani ba. Na ce Baba lafiya? Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta fito a cakuɗe, gefen bakinsa ya karkace, yawu na zuba. Idonsa kuwa yana kallona sarai, ya san ni, ya san abin da yake son faɗi, harshe ne ya ƙi.

To 'yar'uwa, a nan ne muka yi ɓarnar da har yau take cina, kuma saboda ita na amsa miki. Ba hanya ce ta cuce mu ba, tsakar gida ce. Gidan biki, cike da dangi, kowa da bakinsa. Goggo ta ce iska ce ta buge shi a bayi, a kawo hayaƙi. Kawu ya ce a jira malamin unguwa ya fito daga masallaci ya yi tofi. Wata ta dama kunu tana ɗura masa da cokali, yana ƙwarewa tana cewa ya daure. Wani ya ce kada a ɗaga hankalin amarya, a bari a ɗaura aure tukuna. Ni kuma ɗan da ya zo daga kudu, ga iyaye a tsaye, na ji nauyin in ɗaga murya a kansu. Abin ya fara wajen ƙarfe biyar, ba mu bar gida ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Muka fara zuwa wani ƙaramin asibiti na kusa saboda akwai ɗan'uwa da ke aiki a can, suka auna shi, suka ce ba su da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, mu wuce babba. Wata awa guda ta sake tafiya.

Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce ƙarfe nawa abin ya fara. Da na faɗa, ya dubi agogonsa, bai ce komai ba. Daga baya ya yi mini bayani, kuma na riƙe shi kamar karatu. Shanyewar ɓarin jiki, wato ciwon da ya sami Baba, iri biyu ce: ko jini ya daskare ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta fashe jini ya zuba. Da ido ba a bambance su, sai an ɗauki hoto. Shi ya sa ba a ba mutum asfirin a gida, domin idan fashewa ce, ƙara zubar jinin zai yi. Allurar da ke narkar da daskararren jini kuwa, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Kunun nan da aka ɗura masa da kyakkyawar niyya, ya ce shi ma haɗari ne, don mai wannan ciwo haɗiyarsa kan lalace, abinci ya bi ta huhu. Haka kuwa aka yi, kwana uku bayan nan ga zazzaɓi ga tari, sai da aka ƙara masa maganin ciwon huhu. Abin da ya kamata mu yi shi ne mu kwantar da shi ta gefe, kada komai ya shiga bakinsa, mu duba agogo, mu nufi babban asibiti kai tsaye. Addu'a ba wanda ya hana, a cikin mota ma Allah yana ji.

Da bakinsa ya fara dawowa, ya shaida mana cewa tun a motar Ngaundare hannun ya taɓa mutuwa na ɗan lokaci, carbi ya suɓuce masa, can kuma ya dawo. Likita ya ce wannan gargaɗi ne, da an kai shi a ranar da wataƙila labari ya sha bamban. Iyayenmu ba sa faɗin ciwo, musamman idan sun ga an kashe kuɗi an shirya tafiya. Idan kika ce Inna ya jiki, alhamdulillahi za ta ce ko tana ganin jiri. Don haka kada ki tambaya, ki duba. Ke za ki riƙe maganin, ke za ki ɓare ki sa mata a tafin hannu, ki tsaya har ta haɗiye.

Tun da Inna tana da suga, ga wani abu da na koya a gadon da ke kusa da namu. Wata tsohuwa aka kawo ta tana gumi, tana rawar jiki, tana sambatu, 'ya'yanta sun ɗauka irin ciwon Baba ne. Ashe maganin suga ta sha ba ta ci abinci ba, sugan ya faɗi ƙasa. Aka sa mata ruwa mai suga, kafin la'asar tana zaune tana faɗa da surukarta. A hanya lokacin cin abinci yakan rikice, don haka ki tafi da ƙaramar na'urar auna suga da ta auna jini, da dabino ko alewa a jaka. Idan tana cikin hayyacinta, tana iya haɗiya, kuma awo ya nuna sugan ya sauka, ki ba ta. Idan ba ta san inda take ba, kada ki sa mata komai a baki. Kuma ki sani a nan Kamaru idan nas ta ce miki jininta 18 da 10, shi ne 180 da 100 a na'urarki, kada lissafin ya ruɗe ki.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su suka wahalar da ni. Karnen asibitin Baba, wato littafin da ake rubuta magungunansa, a Yawunde na bar shi, likita yana tambayar sunan magani ina cewa fari ne ƙarami. Ki ɗauki hoton kowane kwali da kowace takarda a wayarki. Kuɗi kuma ki raba biyu, wasu a hannu wasu a asusun waya, Orange Money ko MoMo, domin kusan komai sai an biya kafin a yi, hoto da gwaji da ruwa da allura, a rubuto takarda a ce je ka sayo. Cikin kwana biyu na farko na kashe fiye da jaka 200 na sefa. Sannan ki nemi wanda ke jin Faransanci sosai ya tsaya tare da ke. Baba Hausa da Fillanci yake ji, likitan ɗan kudu ne, da babu ɗan yayata a wurin da kurame za mu zama.

Shawarata, kada ki hana ta zuwa, hana tsohuwa bikin jikarta shi ma ciwo ne. Ki kai ta wurin likitanta mako guda kafin tafiya, ki gaya masa tsawon hanyar, shi zai faɗi yadda za a yi da lokacin shan mai sa fitsarin. Idan da hali ku bi jirgin sama, yana sauka Marwa. Idan ƙasa za ku bi, kada ku yi Ngaundare zuwa Marwa a zama ɗaya, wajen kilomita 500 ne, ku kwana Garwa. Duk inda mota ta tsaya ki sauko da ita ta taka ƙafa, ke ki fara cewa fitsari kike ji don kada ta ji kunya. Kafin ku tashi kuma, ki kira babban gidan na Marwa, ki ce masa da ladabi: Kawu, idan wani abu ya sami Inna, ni zan ce a tashi, ina son ka mara mini baya. Idan ya amsa tun ana lafiya, ranar da ake bukata ba wanda zai tare ƙofa. Ki kuma san sunan mai mota ɗaya a unguwar da zai ɗaga waya ko ƙarfe uku na dare ne.

Baba ya yi kwana 16 a asibiti, ya ƙara wata biyu a Garwa ana gasa masa jiki ana koya masa tafiya kafin muka dawo. Yanzu yana zuwa masallaci da sanda, maganarsa ta dawo sai dai a hankali. Hannun daman ne bai dawo ba. Da hagu yake cin tuwo, kuma har yau idan baƙo ya shigo, sai ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi biki lafiya. Ki gaida Inna.