Surukata Ta Hana A Yi Wa Ɗana Allurar Baya

Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim nake rubuto miki, kuma wallahi zuciyata ta cika. Yarona na fari ne, shekararsa bakwai. Bara ya fara ɗashewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, aka yi ta ƙarin jini, har aka tura mu Kano aka ce sankarar jini ce. Da aka fara magani ya murmure, har yana bin awaki. Sai likita ya ce za a riƙa yi masa allura a ƙashin baya, a ɗebi ruwa a gwada, a zuba magani. Da aka yi ya dawo yana kukan ciwon kai, Inna, uwar maigidana, ta ce atafau ba za a sake ba, wai ruwan baya shi ne ƙarfin ɗa namiji, so ake a gurgunta mata ango. Maigida kuwa ba ya tsallake maganarta.

Ni na sayar da tunkiyata, Anti. Ni na kwana kan tabarma a barandar asibiti. Amma da na buɗe baki sai ta ce ba ni da kunya, ina rawar jiki a kan ɗan fari. A gaban kishiyata take faɗa! Yanzu jiƙe-jiƙe take ɗura masa, ya yi amai da asuba ta ce cuta ce ke fita, ko kanne ido ɗaya da ya tsira in zai kalli mutum cewa ta yi tsokana ce. Ni da na haife shi ba ni da ta cewa. Tunkiyar ma ba wanda ya ce min sannu. In yi yaji ne ko me?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Ba na shiga tsakanin mace da uwar mijinta, kuma na san tsoro ne ya sa Inna. Amma a nan ba ta da gaskiya, mijinki ma haka.

Ajiye zancen yaji. Idon nan da kika ambata kika wuce shi ne ya hana ni sukuni. Yaro kan kanne ido ɗaya in yana ganin abu biyu-biyu. Idan ya haɗu da aman asuba a mai sankarar jini, likita zai fara zargin cutar ta kai ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Gobe da sassafe ku kama hanyar Kano.

Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge, yawancin maganin da ake sawa ta jijiya ba ya ratsa shi sosai. Can ƙwayoyin cutar kan ɓuya, gwajin jini ya fito lafiya lau alhali suna nan. Da farko ba sa nuna wata alama, sai an ɗebo ruwan an duba a madubin likita ake kama su. A shekarun 1960, kafin a fara wannan kariya ta allurar baya, fiye da rabin yaran da jininsu ya wanke ta ƙwaƙwalwa cutar ke dawo musu. Allurar kuwa ƙasa da inda laka ta ƙare take shiga, irin wadda ake yi wa mai sanƙarau, kuma ɗan ruwan da aka ɗiba jiki na mayar da shi cikin sa'o'i. Ciwon kan da ya firgita Inna kan biyo baya, ya wuce.

Ku kuma iyaye da kakanni masu karantawa, kunyar ɗan fari tarbiyya ce mai kyau, amma ba a ɗaure bakin uwa da ita a gaban cuta. Murmurewa ba warkewa ba ce. Wannan magani kan ɗauki shekara biyu zuwa uku, kuma yanke shi a tsakiya na kashe yara.

A daren nan ki sami liman ko wan Inna su yi wa mijinki magana. Ki roƙi Inna ta bi ku ta ji daga bakin likita. Ki ɗauki katin yaron da ragowar jiƙon, ki faɗa wa likita ranar da ido da aman suka fara.