Tambaya da Amsa: Ko Sauya Ƙafafun Tsohuwar Motar Gudu Yana Rage Wahalar Gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar MGB ta shekarar 1972, kuma hidimar ƙafafunta ta ishe ni, domin kullum sai an sa giris, shokabzoba kuma tana yoyon mai. An ba ni shawarar in cire kayan ƙafar na asali gaba ɗaya, in sa na zamani irin na motocin tsere. Shin hakan zai sauƙaƙa mini gyara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wasu sauye-sauyen za su rage maka aiki, wasu kuwa ƙara maka za su yi, kuma kayan tsere da aka ba ka shawara a kansu yawancinsu suna cikin kashi na biyu. An ƙera su ne domin motar da makanikai ke bincikawa bayan kowace gasa, shi ya sa mahaɗansu na ƙarfe zalla ne, ba su da robar da za ta tare ƙura da ruwa. Idan aka sa su a motar da ke hawa titi kullum, nan da nan suke cinyewa su fara ƙara.

Kafin ka sayi komai, ka sa a ɗaga motar a duba tsatsa. MGB, wadda aka ƙera a Ingila daga 1962 zuwa 1980, ba ta da shasi daban, bodin ne da kansa ke ɗauke da nauyi. Saboda haka idan ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi ko wurin da sifirin na baya ke kamawa ya ruɓe, sabbin kaya masu tauri za su ƙara matsa wa ruɓaɓɓen wurin ne har ya tsage. Walda ce ke zuwa farko.

Daga nan sai bushin, wato zobban da ake sawa a mahaɗan ƙafar domin kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Na roba dai, mai yana lalata su, tsofaffin injunan nan kuwa ba sa rabuwa da ɗigon mai, shi ya sa za ka ga bushin ya kumbura ya yi laushi, har kana iya nutsa farce a cikinsa. Na foliyuretan, wani nau'in filastik mai kama da roba, ba su damu da mai ba, sun fi daɗewa, kuma da yawansu gida biyu ne, ana tura su da hannu ba tare da injin matsa ba. Sai dai a zaɓi masu matsakaicin tauri, a kuma shafa musu man silikon lokacin sawa, in ba haka ba za su riƙa kuka a kowane rami. Idan kuwa ka zauna a kan na roba, kada a ƙarasa ɗaure notinsu sai an sauke motar tayoyinta sun ɗauki nauyi, domin ɗaure su tana rataye a kan jak yana murɗe robar tun kafin a tashi motar.

Batun shokabzoba ya fi buƙatar natsuwa. Ta asali mai hannu ce, akwati ne cike da mai, kuma a gaba wannan hannun shi ne ke riƙe saman ƙafar, don haka ba a cire ta kawai a jefar. Masu sayar da shokabzoba ta zamani mai kama da bututu ko dai su bar tsohuwar a wurinta bayan an zare bawul ɗinta, ko su kawo sabon hannu na sama. A baya sauyin ya fi sauƙi, kuma yana raba ka da duba mai. A gaba kuwa, ni a ganina, ta asali da gwani ya sabunta ta wadatar.

Giris ɗin da kake kuka da shi na sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta ne, kuma ana so a yi shi duk bayan mil 3,000, wato kusan kilomita 5,000. Akwai kayan da ke maye gurbin sandar da mahaɗai rufaffu waɗanda ba a sa musu giris, amma suna da tsada, kuma ya kamata ka tambayi mai sayarwa daga wace mota aka aro mahaɗan, domin idan na kamfaninsa ne shi kaɗai, ranar da ya rufe ka shiga neman abin da babu. Bayan kowane sauyi a saita tayoyi, ka sanar da kamfanin inshora, ka kuma adana kayan asali, saboda masu sayen tsofaffin motoci suna daraja su.

TAMBAYA: Malam, shin akwai motocin da sauyin ya zama kamar dole a kansu?

AMSA: Akwai. Triumph Spitfire tana da mahaɗin tagulla mai zare a ƙasan ƙafar gaba, wanda ake zuba wa man giya mai lamba EP90. Idan aka yi sakaci ya bushe, ƙarfen da ke shiga cikinsa yana iya karyewa, taya ta kife cikin bodi, shi ya sa masu ita da dama ke sa ƙafar da aka ƙera ba tare da wannan mahaɗin ba. Lotus Elan, wadda ta fito a 1962, bodinta na faiba ne da ba ya tsatsa, amma shasin ƙarfen da ke ɓoye a ƙarƙashinsa yana ruɓewa a asirce, kuma maganinsa shi ne sabon shasi da aka tsoma a narkakken zinki. Wasu kamfanoni suna yin na bututun ƙarfe, wanda ke barin sarari hannu ya kai ga sassan da a da ke wuyar taɓawa. Haka kuma robobin da ke haɗa sandunan juya tayoyinta na baya suna tsagewa da tsufa, ana kuma maye gurbinsu da mahaɗan ƙarfe irin na motocin yau.

A duba dokar ƙasar da motar take kafin a taɓa shasi. A Birtaniya, misali, tun 2018 an ɗauke wa yawancin motocin da suka haura shekara 40 gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi musu babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka gabata, kuma sauya nau'in shasi yana iya hana motar wannan rangwame.