Tambaya da Amsa: Wane Littafi Zan Riƙa Karanta wa Ɗalibaina a Aji?

Tambaya: Ni malamar Hausa ce a aji biyar na wata makarantar firamare a Funtuwa. Yaran suna da yawa, littattafai kuwa babu, kuma da yawansu ba su kai ga karanta dogon labari da kansu ba. Ina so in riƙa karanta musu littafin labari guda ɗaya a bayyane, kaɗan-kaɗan har zangon karatu ya ƙare. Wanne za a ba ni shawara in ɗauka?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya. Shawarata a matsayina na malami ita ce ki fara da Magana Jari Ce, littafi na ɗaya, na marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Ya rubuta shi ne a Zariya cikin shekarun 1930, kafin ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma tun asali an yi shi ne domin karatun 'yan makaranta.

Ba tsufansa ko shahararsa ba ne suka sa na zaɓe shi, tsarin gininsa ne. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla makircin da zai sa yaron ya fito daga fada a halaka shi. Kullum dare Musa yakan shirya zai bi sahun mayaƙa, sai aku ya tare shi da labari, ya yi ta jan sa da zance har gari ya waye, tafiya ta fasu. Saboda haka littafin labarai ne gajeru a cikin babban labari guda. Kowane gajeren labari yakan ishi zama ɗaya, shi kuwa babban labarin shi ne igiyar da za ta riƙa janyo yaran zuwa zama na gaba, domin kowa zai so ya ji ko yau Musa zai kuɓuce wa aku. Wannan yana da amfani ƙwarai a ajin da ba kowa ke zuwa kullum ba. Yarinyar da talla ko ranar kasuwa ta hana ta zuwa jiya, yau za ta fahimci sabon labari ba tare da ta ɓace ba, abin da ba zai yiwu ba a littafin da labarinsa ya miƙe tun daga farko har ƙarshe.

Dalili na biyu shi ne Hausar littafin ta kunne ce. Imam ya samo da yawa daga cikin labaran ne daga littattafan Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, amma ya sake ƙera su har suka zama kamar a zauren gidanmu aka haife su. Akwai zance tsakanin mutane da yawa, akwai kirari da karin magana da ban dariya, irin wautar Sahoro da Sahorama, kuma duk waɗannan sun fi armashi a baki fiye da a takarda.

Game da yadda za a yi karatun, abu mafi muhimmanci shi ne ki karanta labarin ke kaɗai a gida kafin ki kawo shi aji, kuma da murya, ba a zuci ba. A nan ne za ki gane inda numfashi zai yanke, da inda ya kamata ki sassauta, da muryar da za ki ba aku wadda ta bambanta da ta Waziri. A nan ne kuma za ki tace. Littafin ɗan zamaninsa ne, akwai ambaton bayi, akwai barkwancin da ya taɓa wasu ƙabilu, akwai wuraren da hukunci ya yi tsanani. A ajin da ya haɗa yara daga gidaje daban-daban, ba laifi ba ne ki tsallake wani labari ɗungurungum, tun da tsarin littafin ya ba da damar haka ba tare da an ji giɓi ba.

Za ki ci karo da kalmomin da yaran yau ba su sani ba, musamman na kayan yaƙi da sarauta da kuɗin da, kamar sulke da kwalkwali da barde da sule da anini. Kada ki tsaya fassara kowace a tsakiyar labari, domin hakan yana kashe daɗinsa. Ki zaɓi uku ko huɗu ki rubuta a allo kafin a fara, ki bayyana su a taƙaice, sauran kuwa labarin da kansa zai koyar da su. Idan an samu tsohon kwabo mai huda a gidan wani dattijo, a zagaya da shi hannu-hannu, ya fi dogon bayani.

Minti goma sha biyar ya isa. Ki karanta a tsaye, kina zagayawa har layin baya, kuma ki rufe littafin a daidai inda hankalinsu ya fi tashi, ki tambaye su abin da suke zaton zai faru. Kashegari, kafin ki ci gaba, ki sa yaro ɗaya da yarinya ɗaya su maimaita labarin jiya da bakinsu. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne mayar da wannan lokaci jarrabawa, a riƙa ba da maki ko a ɗaga bulala ga wanda ya manta sunan wani sarki.

Wasu za su ce me ya sa ba Ruwan Bagaja ba, wanda shi ma na Imam ne, ya fito daga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a 1933. Littafi ne mai daɗi, amma damfara da ramuwar gayya tsakanin taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sun fi dacewa da 'yan ƙaramar sakandare, waɗanda za a iya tattauna halayen mutanen biyu da su. Ki ajiye shi sai gaba. Kamfanin ɗab'i na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) da ke Zariya ne ke buga littattafan biyu, kuma akan same su a shagunan littattafai na Kano da Zariya da Katsina. Kwafi ɗaya ya wadatar, sai dai ki duba shafukan kafin ki biya, domin akwai bugun jabu a kasuwa da wasu shafukansa ba sa karantuwa.