Tafasa ruwa ba ya cire dalma

Malam, ka ce rijiyarku tana gab da kwatar da masu gyaran batir ke zubar da ruwan aikinsu, kana tambaya ko in an tafasa za a iya sha. A'a, tafasawa ba ta isa ba. Wuta ƙwayoyin cuta take kashewa. Dalmar da ke cikin ruwan batir kuwa ƙarfe ce, ba ta bin tururi, ruwan ya ragu a tukunya ita tana nan, sai ma ta ƙara yawa a ɗan abin da ya saura.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ruwan yakan fito garau, ba wari. Na taɓa zama kusa da irin wannan kwatar a cikin garin Katsina, muna jefa alif a randa muna murna ya kwanta, ashe laka kawai muke gani ta sauka. Ƙananan yara da masu juna biyu dalma ta fi yi wa illa, ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali. Ka tuna Zamfara a 2010, dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Ka kai ruwan ɗakin gwaji, ka ce ƙarafa za a duba. Kafin sakamako ya fito, a bar shi ga wanki, na sha da girki a sayo daga wata unguwa.