Amsa: Yarona yana son ya riƙa koyar da jita

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka bar yaronka mai shekara 16 ya riƙa koya wa ƙananan yara jita ana biyansa. Ni dai na ce ka bar shi, amma ka sa ido.

Iya kiɗa daban, iya koyarwa daban. Wanda hannunsa ya faɗa yakan manta wuyar da ya sha, ya yi ta sauri, alhali yatsun ɗalibi na zogi kafin su yi kanta. A nan yara da yawa ke gudu. Don haka a fara da jita mai tsirkiyar nailan, ta fi ta ƙarfe taushi, darasi kuma kada ya wuce minti 30. Ranar farko saita tsirkiyoyi shida kawai ya isa, wato a daidaita kowace a kan sautinta, waɗanda ake kira E, A, D, G, B, E, sai ɗan gajeren kiɗa guda da yaro zai je ya nuna a gida.

Maganar kuɗi kuwa kai za ka yi ta da iyayen, don kunya ba za ta bar shi ya bi babba bashi ba. A biya na wata tun farko, ya rubuta a littafi, a kuma yanke yadda za a yi da wanda ya ƙi zuwa ba sanarwa.

Ɗalibai uku sun ishe shi saboda karatunsa. Kullum a falo, ƙofa a buɗe, da babba a kusa.